Babi na Shida: Inda Kuɗin Mai Ƙanƙara Yake Zurarewa

Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta take ci. Tun da hantsi kara take cika da shanu da awaki, masu hatsi su baje kaya, motoci su yi ta sauke mutane daga Makoɗa da Kunci da Kazaure da Ɓaɓura. In da bazara ne, kafin azahar ma'aunin zafi yana neman digiri 40, kuma duk wanda ya shigo kasuwar, dillali ne ko ɗan dako, ruwa mai sanyi yake nema. Yara masu tallar fiya wata, mata masu zoɓo da kunun aya, mai shagon lemo, mai fura da yogot, mai kifin ƙanƙara, mai kemis da yake ajiye allurar masu ciwon suga, dukansu da sanyi suke cin abinci. A bayan kowannensu akwai inji da yake gurnani a wani lungu, akwai kuma bawan Allah da yake zuba wa injin kuɗi kullum.

Kuɗin nan kuwa ya yi nauyi a 'yan shekarun nan. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 1,000. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, masu ƙananan janareta suka ji a jikinsu. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauto da shi. Wanda layinsa na kamfanin wuta na KEDCO ba ya cikin wannan rukuni, yunit ɗinsa ya fi araha, amma wutar ba ta zama, ragowar awoyin kuma janareta ne yake cike su. Sai ga Oktoban 2024, manyan layukan da suke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka shafe fiye da mako cikin duhu. Masu ɗakunan sanyi da ba su da ƙarfin sayen dizal, kayansu suka narke suna kallo.

Mai gidan ƙanƙara a Ɗambatta ba shi da ta cewa a kan farashin dizal, ba shi da ta cewa a kan abin da aka yanke a Abuja. Amma yawan aikin da injinsa yake yi kafin ya fitar da ƙanƙara guda, wannan a hannunsa yake. Abin da ya dame ni, har na keɓe masa babi guda, shi ne kuɗin da ya fi zurarewa a wannan sana'a ba ta babbar kafa yake fita ba. Ta ƙura yake fita, da rana, da ƙofa, da tsagaggiyar roba, da gas mai yoyo. Toshe mafi yawansu bai kai kuɗin dizal na mako guda ba.

Injin sanyi ba ya ƙera sanyi

Firji, da firiza, da ɗakin sanyi, da injin ƙanƙara, da babban injin sanyaya ruwa na masana'antu wanda ake kira cila, aikinsu ɗaya ne. Suna kwashe zafi daga ciki su zubar da shi waje. Gas ɗin da yake zagayawa a bututu yana tsotse zafin kaya a ɓangaren ciki, kwamfuresa ta matse shi, ya isa kondensa, wato ragar ƙarfen nan mai fanka da take waje, ya saki zafin ga iska, ya sake komawa. Kwamfuresa ce mai cin wuta, kuma yawan abin da take ci ya dogara da tazarar da take tsakanin sanyin ciki da zafin kondensa.

Kamar jan ruwa ne a rijiya. Guga ɗaya ne, ruwan cikinsa ɗaya ne, amma wanda yake ja daga gaba goma ba wahalarsa ɗaya da mai ja daga gaba biyar ba. Tazarar zafin nan ita ce zurfin rijiyar. Injiniyoyin sanyi suna da ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk digiri ɗaya da aka rage a wannan tazara, ko ta sama ko ta ƙasa, yana rage cin wuta da kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi da kyau, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansa yake.

Mu fara ta sama, wajen kondensa, don a nan ƙasarmu ta fi cutar da inji. Zaga bayan shagunan da suke da ɗakin sanyi ka ga inda aka kafa ta. Sau da yawa a jikin bangon yamma take, inda ranar la'asar take duka. Ko a ƙarƙashin kwano ba silin. Ko a matse a lungu saboda tsoron ɓarayi, an kewaye ta da bulo, iskar da ta furzar mai zafi ta doki bango ta dawo mata. Mafi muni, a ajiye janareta dab da ita, hayaƙinsa da hucinsa su riƙa shiga ragar kai tsaye. A irin wannan wuri ba wuya iskar da kondensa take shaƙa ta fi ta filin gida zafi da digiri 10. A lissafinmu na sama, wannan ƙarin kashi 20 ne zuwa sama a kan kuɗin mai, kullum, shekara da shekaru.

Maganin ba shi da tsada. A mayar da ita gefen da ya fi samun inuwa, ko a yi mata rumfa mai tsayi wadda iska take ratsawa ta ko'ina. In don tsaro ne, kejin rodi ya fi bulo. A bar mata fili gaba da baya. A kai janareta can nesa, a kuma lura da inda iska take kaɗa hayaƙinsa. Wanda yake da darbejiya a gidansa ya riga ya samu rabin aikin, sai dai ya riƙa share ganye.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda take shiga ko'ina, ga ƙaiƙayi daga injinan casa da na niƙa, ga ledoji. Ragar kondensa tsakanin faifanta ƙanana ne, cikin makonni kaɗan take toshewa. In ta toshe iska ba ta ratsawa, zafi ya taru, kwamfuresa ta yi ta nishi ba hutawa, wata rana ta ƙone. Da yawa cikin kwamfuresocin da ake cewa "ta mutu haka kawai" ƙura ce ta kashe su a hankali. A kashe inji, a sa burushi mai laushi a bi tsayin faifan, a hura iska daga ciki zuwa waje, a wanke da ruwa marar ƙarfi ba tare da an jiƙa wayoyi ba. Da hunturu duk mako, sauran lokuta duk wata. Yaron shago zai iya, in an nuna masa sau ɗaya kuma maigida yana dubawa.

Akwai wata baiwa da bushewar iskarmu take da ita wadda kakanninmu suka sani tun kafin wutar lantarki. Ruwan randa yana sanyi ne domin abin da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Wannan hikima tana yi wa kondensa aiki. In aka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ko tabarmar sanyaya iska a ɗan nesa da ragar, ta yadda iska za ta ratsa shi kafin ta shiga, a watan Maris da Afrilu ana samun sauƙin digiri da dama. Sharaɗi biyu ne. Kada a toshe hanyar iska, kuma kada a riƙa watsa ruwan burtsatse a kan ragar kanta kullum, domin yana barin ɓawon gishiri, yana cin ƙarfe. Da damina ta sauka iska ta yi laima, a cire, ba ya amfani.

Sanyin da ba a buƙata

Yanzu ta ƙasa. Akwai wata al'ada a wurinmu ta murɗa ma'aunin firiza har ƙarshe a bar shi nan, wai don kaya su yi sanyi sosai. Kowane kaya da sanyin da yake so. Kifin ƙanƙara da kaji suna buƙatar digiri 18 ƙasa da sifiri. Madara da yogot digiri 4. Alluran rigakafi tsakanin 2 da 8, in suka daskare ma wasu sun lalace. Lemo da fiya wata digiri 4 ko 5 ya ishe su. Tumatir kuwa, in bai gama nuna ba, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 illa yake yi masa. Mai shagon da yake sanyaya lemo a firizar da aka saita don kifi yana biyan kuɗin tazarar digiri 20 da ba wanda ya tambaye shi, ga kwalabe suna fashewa. In kaya iri biyu ne, a raba musu inji, kowanne a saita shi daidai da kayansa. Ma'aunin zafi na 'yan dubban naira da za a rataya a ciki ya fi hannun maigida faɗin gaskiya.

Ƙanƙarar da take taruwa a jikin bututun ciki ita ma mutane suna ɗaukar ta alamar lafiyar inji. Ba haka ba ne. Lulluɓi ce da take hana bututu taɓa iska, sai kwamfuresa ta ƙara sauka ƙasa kafin ta tsotso zafi. In ta kai kaurin ɗan yatsa a narkar da ita, ba da wuƙa ba, don wuƙa ta huda bututu fiye da yadda ake zato. Daga ina ƙanƙarar take zuwa? Daga laimar iskar da take shiga ta ƙofa. Ranar kasuwa ƙofar ɗakin sanyi tana iya buɗuwa sau ɗari, wani lokaci a tokare ta da bulo ana lodi. Labulen roba mai tsaga-tsaga a bakin ƙofa, da sabuwar robar murfi, da ɗabi'ar fitar da kayan awa guda a kula ɗaya maimakon buɗewa ga kowane mai saye, suna rage wannan sosai. Gwajin robar murfi mai sauƙi ne: a maƙala takardar naira a rufe, in ta zare ba turjiya, robar ta gama aiki. Ƙwan fitila mai zafi a cikin ɗakin sanyi kuma sau biyu ake biyan kuɗinsa, na kunna shi da na kwashe zafinsa.

Inda na fi son masu ƙanƙara su tsaya su yi lissafi shi ne ruwan da suke zubawa a leda. Daskarar da ruwa kilo ɗaya, bayan ya riga ya sauka sifiri, yana buƙatar kwashe zafi daidai da na sauke shi digiri 80. Wannan ba makawa. Amma saukowa zuwa sifirin ya danganta da inda aka faro. Ruwan baƙin tankin roba da ya wuni a rana yana kaiwa digiri 40, aikinsa 40 a tara da 80, wato 120. Ruwan da ya kwana a randa ko a tankin ƙasa a inuwa, a ce digiri 25, aikinsa 105. Bambancin kashi ɗaya ne cikin takwas. Wanda yake shan lita 24 a dare zai iya rage kusan lita uku da sauya wurin tanki kawai, ko yi masa rumfa. Haka buhunan fiya wata da katan-katan ɗin lemo da ake saukewa daga mota a jibge a rana, sannan a cusa su a firiza da zafinsu. Su kwana a inuwa tukuna.

Kaurin ƙanƙarar ma lissafi ne. Sanyi daga gefe yake shiga, kuma ɓangaren da ya riga ya daskare yana rage masa gudu. Shi ya sa in kauri ya ninka biyu, lokacin daskarewa yakan ninka kusan huɗu. Mai samun wutar awa takwas da yake ɗaura manyan ledoji kumbura-kumbura, wuta za ta ɗauke cikinsu ruwa ne, kafin ta dawo sun fara saki, gobe a sake daga farko. Ledar da aka shimfiɗa ta yi faɗi ba kauri, da ɗan fili tsakanin kowace da 'yar'uwarta, tana kamawa a zama ɗaya. Masu babban jari kuma su duba injin da yake daskarar da gwangwanaye a cikin ruwan gishiri, domin ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi nesa ba kusa ba.

Bangon ɗakin da murfin injin su ne masu riƙe abin da aka sha wuya aka tara. Injinan ƙanƙara da ake ƙerawa a gida, maƙeranmu sun iya aikinsu, amma mai saye yakan matsa a rage masa kuɗi, inda ake ragewa kuwa shi ne kumfar da take tsakanin ƙarfen ciki da na waje, tunda ido ba ya ganin ta. Araha ba ta ado. Duk inda ka ga jikin inji yana gumi, sanyi ne yake fita ta nan. Ɗakin daskararren kaya a zafin Kano bai kamata kaurin kumfarsa ya gaza santimita 15 ba, kuma ya kasance a ƙarƙashin wani rufin, ba kwanonsa ne yake karɓar rana ba. Fentin fari a kan kwano, da silin, ko da na zana ne, suna sauke zafin ɗakin da injinan suke ciki.

"Alhaji, gas ya ƙare"

Wannan magana kowane mai firiza ya san ta. Sanyi ya ragu, a kira mai gyara, ya ɗaura ma'auni ya ce gas ya yi ƙasa, a ƙara, a biya, bayan wata uku a sake. Gaskiyar magana ita ce inji mai lafiya ba ya shan gas. A rufe yake zagayawa. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma tun kafin maigida ya lura sanyi ya ragu, injin ya yi makonni yana aiki ba tsayawa, yana cin mai yana ba da kaɗan. Ba laifin mai gyara kaɗai ba ne. Neman huji aiki ne mai cin lokaci, a bi gaɓoɓin bututu da ruwan sabulu, a yi walda, a zuƙe iska da laima da famfon zuƙa, sannan a auna gas da sikeli a zuba daidai abin da aka rubuta a jikin inji. Maigidan da ba ya son biyan ladan wannan aiki, shi ya zaɓi a riƙa ƙara masa. Gas ɗin da ya yi yawa shi ma yana ɗaga zafin kondensa.

Akwai dalili na biyu na daina wasa da gas. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya, sun daina shigo da gas ɗin R12 tun 2010, kuma R22, wanda yawancin tsofaffin kwamfuresocin kwandishan da ake ɗaurawa injin ƙanƙara suke amfani da shi, ana janye shi a hankali zuwa 2030. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa R134a da R404A su ma a layin ragewa. Abin da ake janyewa tsada yake yi, jabunsa kuma ya yawaita a kasuwa. Wanda zai sayi sabon inji yau ya tambayi irin gas ɗinsa. Sababbin firizoci masu R600a da R290 ba sa cin wuta sosai, amma gas ɗinsu yana kamawa da wuta, sai mai gyaran da ya koyi aikinsu. Masu wannan sana'a suna da ƙungiya ta ƙasa, NARAP, kuma tambayar mai gyara inda ya yi horo ba raini ba ne. Ɗura gas ɗin girki a firiza kuwa kasada ce da rai.

Janareta, dare da rana

Janaretan dizal mai lafiya, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, yana ba da kimanin yunit uku a lita. A farashin da ya haura naira 1,000, yunit ɗinsa ya fi na rukunin A tsada. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: ɗakin sanyi mai jan kilowat 5, yana aiki awa 16, ya ci yunit 80 a rana, wato wajen lita 27. In inuwa da wanki da gyaran ƙofa suka rage kashi ɗaya cikin biyar, an tsira da fiye da lita 5 a rana, lita 160 a wata.

Kwamfuresa tana jan wuta ninki biyar ko fiye a daƙiƙar da take tashi, shi ya sa ake sayen janareta da ya fi ƙarfin aikin nesa. Sauran yinin sai ya yi ta juyawa kusan wofi, kuma janareta marar kaya yana shan mai da yawa a kan kowane yunit, yana tara baƙi. In injina da yawa ne, a riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na'urar tayarwa a hankali, ko kwamfuresa mai inbata, tana ba da damar amfani da ƙaramin janareta. Ga wutar layi kuma, wadda takan zo ba ƙarfi ko ta ɗauke ta dawo nan take, ƙaramar na'urar da take jinkirta tashin inji na minti uku zuwa biyar tana kare kwamfuresar da ta ninka ta kuɗi sau da yawa.

Lokacin kunnawa ma kuɗi ne. A ƙasar Kano tsakanin zafin la'asar da sanyin asuba akan samu tazarar digiri 12 zuwa 15 da rani. Wanda yake ƙona dizal don yin ƙanƙara, ya ƙona shi daga tsakar dare zuwa hantsi, lokacin da kondensa take shaƙar iska mai sanyi. Litar dare ta fi litar azahar haihuwa. Mai sola kuwa akasin haka ne, wutarsa ta rana ce, kuma abin da ya fi tsada ya fi saurin mutuwa a kayan sola shi ne batir. A nan akwai darasi a asibitocinmu na karkara. Firjin rigakafi na zamani da ake kafawa a ƙananan asibitoci ba shi da batir sam. Da rana faifan sola yana juya kwamfuresa kai tsaye, ta daskarar da ruwan da yake cikin bangon firjin, ƙanƙarar ta riƙe sanyi har gari ya waye. Ajiye sanyi a ƙanƙara ya fi ajiye wuta a batir araha, ruwa kuma ba ya tsufa.

Wannan dabara ta fi dacewa da madara. Nonon safe yana isowa da ɗuminsa kafin rana ta yi ƙarfi, ana kuma son ya sauka digiri 4 cikin awa biyu zuwa uku. Shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba wa kuɗi, ya gina cibiyoyin tattara madara a ƙananan hukumomi. Ɗorewar irin waɗannan cibiyoyi, a ganina, ba ta rataya ga kyan ginin ba. Ta rataya ga ko ƙungiyar makiyayan za ta iya ɗaukar kuɗin sanyin bayan shiri ya tashi. Tankin da yake tara ƙanƙarar ranar jiya don sanyaya nonon safiyar yau shi ne wanda ba zai durƙusar da su ba.

Manyan cila na masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da na otal-otal da manyan asibitoci, doka ɗaya ce take hawansu, sai dai sifirin kuɗin ya fi yawa. An saba saita ruwansu a digiri 7 a manta da shi, alhali da hunturu digiri 9 ko 10 ya wadatar. Masu hasumiyar sanyaya ruwa suna da riba babba a bushewar iskarmu, muddin ana kula da ɓawon da ruwa yake bari a bututu. Famfo da fanka kuma, in aka sa musu na'urar rage gudu, sauke gudunsu da kashi 20 cikin 100 yana rage cin wutarsu kusan rabi.

A Ɗambatta abin da ya fi kama da waɗannan manyan injina shi ne haɗa kai. Firiza goma a shaguna goma, kowace da janaretanta, sun fi ɗaki ɗaya mai ɗaukar kayansu duka zubar da sanyi, domin jimillar bangonsu da murafunsu ta fi yawa. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, ya fara a Owerri da ɗakunan sanyi masu sola a cikin kasuwa, a lokacin mai kaya yakan biya naira 100 a kan kwando ɗaya a kwana, ba sai ya mallaki inji ba. Masu noman rani na bakin madatsar Tomas da dillalan kayan gwari za su iya yin irin wannan a ƙungiyance. Sai dai a yi shi daidai yawan kayan da ake da tabbacinsu. Ɗakin da rabinsa wofi ne yana cin kuɗi kamar cikakke. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a garin, ina fata ta ɗauki koyar da kula da injinan sanyi da muhimmanci, don matasan da za su riƙe waɗannan ɗakuna su fito daga nan gida.

Wani abu kuma yana tafe wanda ya kamata masu ƙanƙara su sa a lissafi. Shekarun baya azumi yana faɗowa a tsakiyar bazara, cinikin wata guda yana rufe ɓarnar shekara. A 2024 an fara shi a watan Maris, a 2026 a Fabrairu, kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, zuwa 2030 yana cikin Janairu, tsakiyar sanyi. Ribar da take ɓoye yoyon inji za ta ja baya shekaru masu yawa. Wanda kuɗin fitar da ƙanƙararsa ya fi ƙasa shi zai rage a kasuwa.

Ba a gane an rage sai an san nawa ake ci. Tambayi masu wannan sana'a goma nawa ƙanƙara ɗaya take tsaya musu, mafi yawa za su faɗi farashin sayarwa. Don haka, ɗan'uwa, samu littafi mai bango. Kowace safiya a rubuta lita nawa aka zuba, awa nawa janareta ya yi, awa nawa wutar layi ta zauna, mita ta ci nawa, ƙanƙara nawa ta fito, ma'aunin ciki yana nuna nawa. Yi mako biyu haka ba ka taɓa komai ba. Sannan ka wanke kondensa, ka yi mata inuwa, ka sauya roba, ka kai tanki inuwa, ka sa a nemo huji, ka ci gaba da rubutu mako biyu. Raba lita da yawan ƙanƙara, ka gwada na farko da na biyu.

Kada ka je wurin mai sayar da sola kafin ka yi wannan. Zai auna maka faifai da batir ne daidai da abin da injinka yake ci yau, da ƙurarsa da yoyonsa, ka biya miliyoyi don ciyar da ɓarna. Gyara tukuna, ka auna, sannan ka tafi da littafinka a hannu. Da lambobin cikinsa za mu yi lissafin sola a babi na gaba.